Yadda Ake Rubuta Bayanin Fankshin ɗin Karanta Faifai da Rubuta Masa a Ƙaramin Kanel

Dubi wannan layin, irin wanda ake yawan tararwa a ƙananan kanel (zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da masu koyo ke ginawa a kan furosesa x86:

```
int ata_karanta(int faifai, uint32_t lba, uint8_t adadi, void *bafa);
```

Kompaila, manhajar da ke juya kod zuwa harshen inji, ta gamsu da shi. Wanda zai kira shi daga tsarin fayil kuwa bai samu amsar komai ba tukuna. Wannan `lba`, wato lambar sekta (ƙaramin yankin da faifai ke karantawa ko rubutawa a dunƙule), daga farkon faifai ake ƙirga shi ko daga farkon fatishan, wato ɓangaren da aka ware a faifai? `adadi` sekta ne ko bait? In ya dawo da 0, nasara ke nan ko kuwa ba a karanto komai ba? In an nemi sekta 8 aka ci karo da matsala a ta 5, me ke cikin bafa, wato memorin da ake zuba bayanan? Duk waɗannan ba sa fitowa a sunan fankshin, kuma su ne ake rubuta bayani dominsu. Sharhin da ya ce "wannan yana karanta sekta daga faifai" bai ƙara wa kowa ilimi ba, sunan ma ya riga ya faɗi haka.

Misalin da za a bi a nan shi ne direban ATA, wato kod ɗin da ke sarrafa faifai mai bin ƙa'idar ATA (da ake kuma kira IDE), mai aiki ta hanyar PIO, inda furosesa da kansa ke kwasar bayanai, da adireshin LBA28, wato lambar sekta mai bit 28. Tsoho ne, amma komai nasa a fili yake, kuma QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, na kwaikwayonsa a injin `pc` da take tayarwa in ba a zaɓi wani ba. Tambayoyin da zai tilasta maka amsawa su ne dai za su biyo ka zuwa sababbin hanyoyin magana da faifai irin su AHCI da NVMe da virtio.

Mataki na 1: Jera abin da na'urar ke yi kafin ka rubuta kalma ɗaya

Kada ka rubuta bayani da ka. Buɗe takardar ƙa'idar ATA da kwamitin T13 ya fitar, ka ajiye ta gefen kod ɗinka, ka fitar da teburin rajistoci a fayil guda, misali `docs/ata.md`. Rajistocin nan ƙofofi ne da direba ke magana da faifai ta cikinsu, kuma ATA na da layi biyu na haɗa faifai; na layin farko ga shi:

| Ƙofa | In an karanta | In an rubuta |
|---|---|---|
| 0x1F0 | bayanai, bit 16 | bayanai, bit 16 |
| 0x1F1 | lambar kuskure | zaɓuɓɓuka |
| 0x1F2 | adadin sekta | adadin sekta |
| 0x1F3 zuwa 0x1F5 | LBA, bit 0 zuwa 23 | LBA, bit 0 zuwa 23 |
| 0x1F6 | faifan da aka zaɓa | zaɓen faifai da LBA bit 24 zuwa 27 |
| 0x1F7 | hali | umarni |
| 0x3F6 | hali na madadi | sarrafawa |

Layi na biyu yana farawa daga 0x170, sarrafawarsa na 0x376. Na farko yana amfani da IRQ 14, na biyu IRQ 15, wato lambar katsewa, siginar da na'ura ke jawo hankalin furosesa da ita. A ƙarƙashin teburin ka sa bit ɗin rajistar hali: BSY 0x80 (yana cikin aiki), RDY 0x40 (a shirye yake), DF 0x20 (faifai ya samu matsala), DRQ 0x08 (a kwashe ko a turo bayanai), ERR 0x01 (kuskure). Ka kuma rubuta, da manyan baƙaƙe in ka ga dama, cewa muddin BSY na kunne sauran bit ɗin ba su da ma'ana. Kod da yawa na duba ERR kafin BSY ya sauka, sai ya ba da rahoton kuskuren da bai faru ba.

Teburin nan wuri ɗaya zai zauna. Kada ka kwafe shi zuwa saman kowane fayil, domin ranar da ka gyara ɗaya ka manta da sauran, sai ka samu gaskiya biyu a gida ɗaya.

Mataki na 2: Ma'auni

Nan ne aka fi yin asara, don haka nan za a daɗe.

Kalmar bulok na nufin abu uku a kanel ɗaya. Akwai sektar da ake ba faifai adireshinta, wadda galibi bait 512 ce. Akwai sektar da faifan ke rubutawa a zahiri, wadda a faifan zamani da yawa bait 4096 ce ko da yana nuna wa kwamfuta 512, abin da ake kira 512e. Sai kuma bulok na tsarin fayil, wanda zai iya zama 1024 ko 4096. A xv6, kanel ɗin koyarwa na jami'ar MIT da ke Amurka, bulok bait 512 ne a sigar x86, amma a sigar RISC-V ya koma 1024, shi ya sa direban faifanta ke ninka lambar bulok da `BSIZE / 512` kafin ya miƙa wa na'ura. Linux ta yanke wa kanta hukunci ɗaya: a sashenta na bulok, `sector_t` kullum raka'ar bait 512 ce, ko da na'urar tana aiki da 4096. Direba ne ke da alhakin juyawa.

Kai ma ka yanke naka hukuncin, ka rubuta shi a kan kowace ma'auna da ke ɗauke da lamba. "Lambar bulok" ba bayani ba ne. "Lambar sekta mai bait 512, ana ƙirgawa daga 0, daga farkon faifai ba farkon fatishan ba" shi ne bayani. Maganar farawa daga 0 ba ƙaƙale ba ce: wanda ya fito daga rubuta kod na tayar da kwamfuta ya saba da INT 13h na BIOS, inda a tsarin CHS (silinda, kai, sekta) sekta ke farawa daga 1 alhali silinda da kai suna farawa daga 0. Shi kuwa batun fatishan, a faifan da aka tsara da kayan aikin yanzu na farko yakan fara a sekta 2048, a tsofaffi kuma 63. Wanda ya ɗauka `lba` daga fatishan ake ƙirgawa, ya rubuta a sekta 0 da nufin farkon tsarin fayil ɗinsa, to MBR, sektar farko ta faifai mai kod ɗin tayarwa, ya tattake, har da teburin fatishan da ke bait na 446.

Yanzu koma kan `uint8_t adadi` na layin can sama. A LBA28, in aka sa 0 a rajistar 0x1F2, faifai na fahimtar sekta 256 ne. Hakan na haifar da tarko biyu. Wanda ya kira da 0 yana zaton ba abin da zai faru, sai faifai ya shirya sekta 256, madaukin direba ya zagaya sau sifili ya dawo, faifan ya zauna da DRQ a kunne yana jiran wanda zai kwashe kaya, umarni na gaba kuma ya tarar da shi cikin wani hali. Wanda ya kira da 256 kuwa, C za ta datse lambar ta koma 0, faifai ya karɓi umarni daidai, madaukin ya sake zagayawa sau sifili, fankshin ya dawo da nasara alhali ko bait ɗaya bai shiga bafa ba. Maganin a kod shi ne a mai da ma'aunar `uint32_t`, a ƙi 0, a rarraba babbar buƙata. Maganin a bayani shi ne a faɗi iyaka ƙarara: mafi ƙaranci nawa, mafi yawa nawa, kuma me ke faruwa da 0.

Sai iyakar faifai. LBA28 na tsayawa a wajen sekta miliyan 268, wato kusan 128 GiB. Faifan da ya wuce haka sai da LBA48, wanda ya shigo da ATA-6, mai umarni 0x24 na karatu da 0x34 na rubutu. Umarnin IDENTIFY, 0xEC, yana dawo da kalmomi 256 masu bit 16: kalma ta 60 da 61 na ɗauke da jimlar sektocin LBA28, ta 100 zuwa 103 na LBA48, bit na 10 a kalma ta 83 kuma yana nuna ko faifan ya san LBA48. Bayaninka ya faɗi inda direba ya samo jimlar, da abin da yake yi in aka nemi sektar da ta wuce ta. In bai duba ba, to `(lba >> 24) & 0x0F` zai yanke saman lambar shiru, a rubuta a wani wuri can ƙasa da ba shi aka nufa ba, kuma faifai ba zai yi ƙorafi ba tunda adireshin da ya gani halastacce ne.

Mataki na 3: Bafa, girmanta da mai ita

Abu huɗu za ka faɗa: girman da ake bukata, daidaiton adireshinta, irin memorin da aka yarda da shi, da lokacin da mai kira zai iya sake taɓa ta.

Girma: `adadi * 512` bait aƙalla, kuma ka faɗi cewa fankshin ba ya iya dubawa. A PIO, `rep insw` ba ta damu da daidaiton adireshi sosai ba a kan x86, amma ranar da ka koma DMA, inda na'ura ke zuba bayanai a memori da kanta ba ta hannun furosesa ba, labari zai sauya. Injin DMA na IDE yana son adireshin zahiri mai bit 32, wanda 2 ke raba shi, kuma kowane yanki kada ya tsallake iyakar 64 KiB. Shawara ita ce ka rubuta sharaɗi mai tsauri tun yanzu ko da PIO bai bukace shi ba. Sassauta sharaɗi daga baya ba ya karya kod ɗin kowa, tsaurara shi kuwa sai ka bi duk masu kira ɗaya bayan ɗaya.

In fankshin ba ya dawowa sai aiki ya ƙare, jimla ɗaya ta isa: bafa ta mai kira ce, direba ba ya riƙe adireshinta bayan ya dawo. In yana jera buƙata ne ya dawo nan take, to dole ka faɗi alamar da ke nuna an gama, ka kuma hana ajiye bafar a kan tari (stack) na fankshin da zai iya dawowa kafin nan.

Mataki na 4: Wa ya halatta ya kira, kuma daga ina

Faifai biyu da ke kan layi ɗaya rajistoci ɗaya suke rabawa. Rubuta 0xE0 a 0x1F6 na zaɓar na farko, 0xF0 na biyu. Saboda haka makullin da ke hana masu kira biyu shiga lokaci guda na layi ne, ba na faifai ba. Wanda ya sa wa kowane faifai makullinsa zai ga komai lafiya lau har ranar da aka karanta daga ɗaya ana rubuta wa ɗayan, sai rabin LBA na wannan ya haɗu da umarnin wancan. Rubuta sunan makullin, da wanda ke ɗaukarsa: fankshin da kansa ko mai kira.

Sannan ka faɗi yadda yake jira. In zagayawa yake yana duba rajistar hali, to yana riƙe da furosesa har ya gama, kuma ya kamata a faɗi cewa an kunna nIEN, bit 0x02 a 0x3F6 mai hana faifai ɗaga katsewa, don kada IRQ 14 ta riƙa shigowa ba mai karɓa. In barci yake har katsewa ta tashe shi, kamar yadda `iderw` na xv6 ke yi, to haramun ne a kira shi daga cikin mai karɓar katsewa ko ana riƙe da makulli mai juyi (spinlock), wanda mai jiransa ke zagayawa ba ya barci. Tsarin rubuta sharhi na Linux, kernel-doc, ya ware wa wannan sashe na kansa mai suna `Context:`, kuma dabara ce mai kyau ko ba a Linux kake ba.

Duk sharaɗin da kod zai iya dubawa, ka sa ya duba. `bwrite` na xv6 na tsayar da kanel gaba ɗaya in aka kira shi ba tare da an riƙe makullin bafa ba. Sharhi na iya tsufa ba wanda ya lura, dubawar da ke tsayar da inji kuwa ba ta bari a manta.

Mataki na 5: Kurakurai da aikin da ya tsaya a rabi

Jera kowace lamba da fankshin zai iya dawowa da ita, da sanadinta, da abin da ya dace mai kira ya yi. In ERR ta kunnu, rajistar 0x1F1 na ƙarin haske: 0x40 UNC na nufin bayanan sektar sun lalace yadda ba su gyaruwa, 0x10 IDNF ba a samu adireshin ba, 0x04 ABRT faifai ya ƙi umarnin. Mai kira ba ya bukatar waɗannan bit ɗin, amma yana bukatar sanin ko sake gwadawa na da amfani, da kuma ko direba ya riga ya sake gwadawa da kansa. In ba a faɗa ba, direba zai gwada sau 3, tsarin fayil ya gwada sau 3 a kansa, sekta ɗaya mara lafiya ta cinye wa'adi sau 9.

Wa'adi ma a rubuta shi da lamba. Madaukin `while (inb(0x1F7) & 0x80);` ba shi da mafita: in babu faifai a layin, ƙofar kan dawo da 0xFF, BSY a kunne ke nan har abada, kwamfuta ta daskare ba saƙo. Linux kan ba umarnin faifai daƙiƙa 30 in ba a sauya ba. Faifai mai juyawa da ya yi barci yana bukatar daƙiƙoƙi kafin ya kai gudunsa, don haka wa'adin daƙiƙa ɗaya zai riƙa kashe aikin da ba shi da laifi. Ka kuma faɗi halin da ake barin na'ura bayan wa'adi ya cika. In direba na sake tayar da layin da SRST, bit 0x04 a 0x3F6, to faifai biyun duka abin ya shafa, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Sai aikin da ya tsaya a rabi. An nemi sekta 8, 4 sun shigo, ta 5 ta ƙi. Zaɓi biyu ne masu kyau: ko ka ce bayan kuskure kada a amince da komai a cikin bafa, ko ka ba da ma'aunar da ke faɗin adadin da aka kammala. Na farko ya fi sauƙi, na biyu ya fi amfani ga mai ceto bayanai daga faifan da ke mutuwa. Wanda ba ya karɓuwa shi ne yin shiru. A rubutu kuwa abin ya fi nauyi, domin sektocin da suka riga suka shiga ba sa komawa yadda suke. Dole bayanin ya ce: in rubutu ya gaza, wasu sektoci na ɗauke da sabo, wasu da tsoho.

Mataki na 6: Me ake nufi da "an rubuta"

Karatu da rubutu ba tagwaye ba ne, kuma kwafe sharhin ɗaya a sauya kalma ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi.

Tsarin ma ya bambanta. A karatu, bayan umarni 0x20, faifai na ɗaga katsewa duk lokacin da sekta ta shirya, sannan a kwashi kalmomi 256. A rubutu, bayan umarni 0x30, babu katsewar da ke zuwa kafin sekta ta farko: direba zai jira BSY ya sauka DRQ ya hau, ya tura kalmomi 256, sannan katsewa ta biyo baya. Direban da ya kwanta jiran katsewa nan da nan bayan 0x30 ba zai farka ba. Bayan sekta ta ƙarshe kuma sai an sake jiran BSY ya sauka an duba ERR da DF, in ba haka ba kuskuren sektar ƙarshe zai wuce ba wanda ya gani.

Ko an yi duk wannan daidai, nasara ba ta nufin bayanai sun sauka a jikin faifai. Faifai na da rumbun wucin gadi a cikinsa, kuma in yana kunne yakan ce ya karɓa tun kaya na cikin rumbun. Bit na 5 a kalma ta 85 ta IDENTIFY ke nuna ko yana kunne. In wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, abin da ke rumbun ya tafi. Mafi muni, faifai na da 'yancin sauke su a jerin da ya ga dama, don haka rubutu na biyu na iya sauka kafin na farko. Tsarin fayil mai kundin ajiya, wato mai fara rubuta sauye-sauye a kundi kafin ya zuba su a ainihin wurinsu, ya dogara ne kacokan a kan jeri: a rubuta kundi, a tabbatar ya sauka, sannan a rubuta alamar kammalawa. In alamar ta riga kundin sauka wuta ta tafi, a tashi na gaba za a kwafi shara a zuba a wuraren da ke da lafiya. Ga wanda ke aiki inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba tatsuniya ba ce.

Umarnin da ke zazzage rumbun shi ne 0xE7, ko 0xEA a LBA48. Yanke shawara ɗaya cikin biyu ka rubuta ta. Ko dai `ata_rubuta` na aika 0xE7 bayan kowane rubutu, wanda ke da aminci amma yana jan ƙafa ƙwarai, ko kuma akwai fankshin na daban, a ce `ata_tabbatar`, da mai kira zai nema a inda jeri ke da muhimmanci. Linux hanya ta biyu ta bi, da tutocin `REQ_PREFLUSH` da `REQ_FUA` da tsarin fayil ke maƙala wa buƙata. Ka ba zazzagewar wa'adi mai tsawo fiye da na rubutu, domin rumbu cike yana ɗaukar lokaci.

Abu na ƙarshe a nan: kada ka yi alkawarin cewa rubutun sektoci da yawa zai sauka gaba ɗaya ko ya fasa gaba ɗaya. ATA ba ta ba ka wannan ba. A faifan 512e ma, rubuta bait 512 na sa faifai ya karanto 4096, ya sauya yankin, ya mayar, shi ya sa rubutun da bai daidaita da sekta 8 ba ke tafiyar hawainiya.

Mataki na 7: Haɗa sharhin

Alkawarin yana zama a fayil ɗin kai, `ata.h`, inda mai kira zai gan shi ba sai ya shiga cikin direba ba. Ga na rubutu a tsarin kernel-doc, wanda kalmominsa na sashe ba a fassara su saboda manhajar da ke karanta su:

```
/**
 * ata_rubuta() - tura sektoci zuwa faifan ATA ta PIO
 * @f:       faifan da ata_gano() ya riga ya shirya
 * @lba:     sektar farko, raka'ar bait 512, daga 0, daga farkon
 *           faifai ba fatishan ba
 * @adadi:   yawan sektoci, 1 ko fiye, ana rarraba shi 256-256
 * @bafa:    bait adadi*512 a memorin kanel, adireshin da 2 ke rabawa;
 *           ba a sauya ta, ba a rike ta bayan an dawo
 * @an_gama: in ba NULL ba, adadin sektocin da faifai ya karba
 *
 * Nasara na nufin faifai ya karba, ba lallai ya sauka ba. Kira
 * ata_tabbatar() in ana bukatar ya tsira daga daukewar wuta ko in
 * jeri na da muhimmanci. Ba a sake gwadawa a nan.
 *
 * Context: Yana daukar f->layi->makulli da kansa. Yana iya barci.
 *          Kada a kira daga mai karbar katsewa.
 * Return:  0 in an yi nasara.
 *          -EINVAL: adadi 0 ne, ko an wuce f->jimla. Ba a taba faifai ba.
 *          -EIO: ERR ko DF. Sektoci kafin *an_gama sababbi ne, halin
 *          wadda ta gaza ba a san shi ba.
 *          -ETIMEDOUT: dakika 30 ba amsa. An sake tayar da layin,
 *          har da daya faifan.
 */
```

An bar baƙaƙe masu lanƙwasa a cikin kod ɗin da gangan. GCC na karɓar UTF-8 a sharhi ba matsala, amma wasu tsofaffin editoci da allon kanel ɗin kansa kan nuna su a matsayin shara. In aikin na haɗin gwiwa ne da mutanen wasu ƙasashe, a rubuta da harshen da aka amince a kai, tsarin bai sauya ba. In Doxygen, wata manhajar fitar da bayani daga sharhin kod, kake amfani da ita, `@param` da `@return` ne za su maye gurbin waɗannan.

Mataki na 8: Sharhin cikin jiki, dalili kawai

A cikin `ata.c` ba a maimaita alkawari. Ana bayyana abin da zai ba mai karatu mamaki, wanda in ba a bayyana ba wani zai goge shi yana ganin gyara ya yi. Karanta 0x3F6 sau huɗu a jere bayan zaɓen faifai ya yi kama da kuskuren kwafi, alhali jinkirin nanosakan 400 ne da ƙa'ida ta nema kafin a amince da rajistar hali, bisa lissafin cewa kowane karatu na cin wajen nanosakan 100 a tsohuwar hanyar ISA. Ka faɗi dalilin zaɓen 0x3F6 a maimakon 0x1F7: karanta 0x1F7 na share katsewar da ke jira, na madadin ba ya sharewa. `cld` kafin `rep insw` ma ya cancanci layi ɗaya, domin in tutar alkibla na kunne, bayanai baya za su bi su tattake abin da ke gaban bafa. Haka juya bait biyu-biyu a sunan faifai, kalma ta 27 zuwa 46 ta IDENTIFY, wanda in ba a yi ba "QEMU" kan fito "EQUM".

Duk lambar da ta fito daga ƙa'ida ka ba ta suna da `#define`, ka ambaci sigar ƙa'idar da sunan sashen a gefenta. Lambar shafi kan sauya daga siga zuwa siga.

Mataki na 9: Gwada kowace jimla da ka rubuta

Gani ya kori ji. Ƙirƙiri faifan 64 MiB, sekta 131072, wanda kowace sekta ke cike da lambarta:

```
python3 -c "import sys,struct
for i in range(131072): sys.stdout.buffer.write(struct.pack('<I',i)*128)" > gwaji.img
```

Haɗa shi da `-drive file=gwaji.img,format=raw,if=ide,index=1`. Ka lura cewa injin `q35` na QEMU AHCI yake bayarwa, ƙofofin 0x1F0 ba za su amsa a can ba. Da wannan faifan, duk kuskuren ma'auni na tona kansa: ka nemi sekta 2048, in bait huɗun farko ba su ba da 2048 ba, lambar da suka bayar za ta nuna maka ko ninkawa aka yi ko ƙari.

Bi sharhin layi-layi. Sekta 131071 ta karantu, 131072 ta dawo da `-EINVAL`. Sekta 131070 da adadi 3 ta gaza ba tare da an taɓa faifai ba. Adadi 0, 255, 256 da 257 kowanne ya yi abin da aka ce. Gwada `lba` 0xFFFFFFFF da adadi 2: in kod ɗinka `lba + adadi > jimla` yake dubawa, jimlar za ta zagayo ta koma 1 ta wuce shingen. Daidai shi ne a fara tabbatar da `lba < jimla`, sannan a duba `adadi > jimla - lba`. Sa bait na shaida, misali 0xAA guda 16, gaba da bayan bafa, ka duba suna nan bayan karatu. Bayan rubutu, kashe QEMU ka duba daga waje da `xxd -s $((2048*512)) -l 32 gwaji.img`, har da sektar da ke gaba da ta baya.

Sashen kurakurai shi ne wanda ba a cika gwadawa ba, tunda faifan kwaikwayo ba ya lalacewa da kansa. QEMU na da `blkdebug` domin haka. Fayil ɗin saiti mai sashen `[inject-error]`, da `event = "read_aio"`, `errno = "5"` da `sector = "4100"`, in aka haɗa shi da `file=blkdebug:saiti.cfg:gwaji.img`, zai sa karatun wannan sektar ya gaza. Nemi sekta 8 daga 4096, ka ga ko lambar da ta dawo da `an_gama` sun yi daidai da abin da ka rubuta, sannan ka karanta wata sekta mai lafiya nan da nan don tabbatar da cewa direba bai bar layin a birkice ba.

Zazzage rumbu kuwa kashe QEMU ba ya gwada shi, domin abin da ka rubuta na nan a memorin kwamfutar da ke ɗauke da ita, zai sauka ko ka aika 0xE7 ko ba ka aika ba. Abin da za ka iya tabbatarwa shi ne umarnin ya fita a inda ya kamata: tayar da QEMU da `-trace "ide_*"`, ka nemi 0xe7 a jerin umarnin, tsakanin rubutun kundi da rubutun alamar kammalawa. In ka tarar da jimlar da kod bai cika ba, gyara ɗaya daga cikinsu a wannan zaman, kuma gyaran kod da na sharhinsa su shiga Git a ajiya ɗaya.